Yadda ake saita Postfix a Debian ko Ubuntu don karɓar imel da sunan domen ɗinka

Wannan bayani na mutumin da yake da domen nasa ne, yana kuma son saƙon da aka aika zuwa amina@example.com ya sauka a na'urar da shi ke riƙe da ita. Karɓa kawai za mu yi magana a kai. Aika saƙo waje har ya shiga akwatin mutane lafiya wani aiki ne daban mai nasa wahalar, kuma na fi son sabon shiga ya gama da karɓa tukuna.

Manhajar da za mu yi amfani da ita ita ce Postfix, wadda Wietse Venema ya rubuta a cibiyar binciken IBM, aka fitar da ita a ƙarshen 1998. Akwai Sendmail da ta girme ta, akwai kuma Exim wadda Debian ta saba zuwa da ita, amma fayil ɗin saitin Postfix ya fi sauƙin karantawa, kuma tun daga fitowarta a rufe take, sai abin da ka buɗe da hannunka. Duk inda ka ga example.com ka sa domen ɗinka, inda ka ga 203.0.113.10 ka sa adireshin IP na sabar ɗinka. Waɗannan biyun an keɓe su ne don misali.

Kayan aiki

Kana bukatar sabar mai Debian 12 ko Ubuntu 24.04, mai adireshin IP na dindindin da ake iya isa gare shi daga ko'ina. Ƙaramar sabar haya mai RAM 1GB ta isa ga mutum goma ko ashirin. Sai domen da kake da ikon gyara DNS ɗinsa (tsarin da ke faɗa wa duniya wace na'ura suna yake nunawa), ko .com ne, ko .ng na Najeriya, ko .ne na Nijar. Sai shiga ta SSH da ikon sudo, da iya gyara fayil da nano ko vi. Yana da kyau kuma ka tanadi asusun imel na waje, kamar Gmail, da za ka riƙa turo saƙon gwaji daga gare shi.

Mutane kan tambaya ko tsohuwar kwamfutar da ke ofis za ta yi. Ta fuskar ƙarfi za ta yi, amma intanet ɗin layin waya da mafi yawanmu ke amfani da shi yana haɗa mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya, saboda haka ba wanda zai iya ƙwanƙwaso ka daga waje. Ga kuma ɗauke wuta. In dole sai saƙonnin sun zauna a ofis, ka karɓe su a ƙaramar sabar haya, sannan kwamfutar ofis ta riƙa jawo su da fetchmail ko getmail duk lokacin da take kunne.

Abin da ya kamata ka sani na yadda abin ke tafiya ba shi da yawa. Sabar mai aikawa tana tambayar DNS: wa ke karɓar saƙon example.com? Amsar tana cikin rekod ɗin MX. Daga nan sai ta haɗu da wannan na'ura a ƙofa 25, su yi magana da yaren SMTP. Postfix ya duba mai karɓa, in ya san shi ya ajiye saƙon a faifai. Karanta saƙon daga waya kuwa aikin wata manhaja ce, Dovecot.

1. Ba wa na'urar cikakken suna

```
sudo hostnamectl set-hostname mail.example.com
```

Buɗe /etc/hosts ka tabbata akwai wannan layi:

```
203.0.113.10   mail.example.com   mail
```

Idan ka rubuta `hostname -f` ya kamata ya ba ka mail.example.com. Ka lura sunan na'ura daban yake da domen ɗin da ke bayan alamar @. Na'urar mail.example.com ce, adireshin mutane kuwa da example.com yake ƙarewa.

2. Shirya DNS

A shafin kamfanin da ke riƙe da DNS ɗinka, sa rekod biyu:

```
mail.example.com.   A    203.0.113.10
example.com.        MX   10 mail.example.com.
```

Lambar 10 fifiko ce, wadda ta fi ƙanƙanta ita ake fara gwadawa. Tunda sabar ɗaya gare ka, kowace lamba ta yi.

A nan ne na fi ganin mutane suna ɓata kwanaki. MX suna yake nunawa, ba a sa masa adireshin IP, kuma sunan da yake nunawa dole ya zama mai rekod ɗin A (mai haɗa suna da adireshin IP) kai tsaye, ba CNAME (suna mai nuna wani suna) ba. Wasu shafukan DNS suna son ɗigon da ke ƙarshen suna, in ka bar shi sai su liƙa domen ɗin sau biyu, ka wayi gari da mail.example.com.example.com. In kana amfani da Cloudflare, kashe gajimaren nan mai ruwan lemo a kan rekod ɗin mail, domin ta wannan hanyar shafukan yanar gizo ne ke wucewa, saƙon ƙofa 25 ba ya bi. Kada kuma ka sa rekod ɗin AAAA, na adireshin IPv6, sai ka tabbata IPv6 yana aiki a sabar, domin masu aikawa da yawa za su gwada shi.

Duba aikinka:

```
sudo apt install bind9-dnsutils
dig +short MX example.com
dig +short A mail.example.com
```

In domen ɗin yana karɓar imel a wani wuri a yanzu, kada ka taɓa MX tukuna. Sa rekod ɗin A kawai, ka bar sauyin MX zuwa mataki na ƙarshe.

Ka shiga shafin kamfanin da ya ba ka hayar sabar ka sa PTR na adireshinka, wato rekod ɗin da ke mayar da adireshin IP zuwa suna, ya nuna mail.example.com. Karɓa ba ta dogara da shi ba, amma ranar da sabar za ta aika ko da saƙo ɗaya za ka bukace shi.

3. Buɗe ƙofofi

```
sudo apt install ufw
sudo ufw allow OpenSSH
sudo ufw allow 25/tcp
sudo ufw allow 80/tcp
sudo ufw allow 993/tcp
sudo ufw enable
```

Layin SSH ya fara zuwa kafin `enable`, in ba haka ba za ka kulle kanka a waje. Ƙofa 80 don takardar shaidar TLS ce (tsarin da ke ɓoye saƙo a hanya), 993 don karanta saƙo. Kamfanonin haya da yawa suna da wata katangar tsaro ta daban a shafinsu, can ma sai ka buɗe. Da yawansu kuma suna toshe ƙofa 25 ga saƙon da ke fita, amma wannan bai cika shafar mai shigowa ba.

4. Sa Postfix

```
sudo apt update
sudo apt install postfix rsyslog swaks
```

Wani allo zai fito da tambaya biyu. A ta farko zaɓi `Internet Site`. A ta biyu, `System mail name`, rubuta example.com, ba mail.example.com ba. In ka yi kuskure, `sudo dpkg-reconfigure postfix` zai dawo da tambayoyin. In akwai Exim a na'urar, apt zai cire ta da kansa.

Na haɗa da rsyslog ne saboda Debian 12 ba ta zuwa da shi, kuma in babu shi ba za ka sami /var/log/mail.log ba. Wannan kundin shi ne idonka a duk aikin. Buɗe taga ta biyu ta SSH ka bar wannan yana gudana har ka gama:

```
sudo tail -f /var/log/mail.log
```

5. Faɗa wa Postfix saƙon wa zai karɓa

Wannan shi ne zuciyar aikin, saboda haka kada ka yi gaggawa. Saitin yana cikin /etc/postfix/main.cf. Kana iya gyara shi da nano, amma `postconf -e` ya fi tsabta, domin ba ya barin layi biyu masu karo da juna.

```
sudo postconf -e 'myhostname = mail.example.com'
sudo postconf -e 'mydomain = example.com'
sudo postconf -e 'mydestination = $mydomain, $myhostname, localhost.$mydomain, localhost'
sudo postconf -e 'inet_interfaces = all'
sudo postconf -e 'mynetworks = 127.0.0.0/8 [::1]/128'
sudo postconf -e 'home_mailbox = Maildir/'
sudo postconf -e 'mailbox_command ='
sudo postconf -e 'smtpd_relay_restrictions = permit_mynetworks, reject_unauth_destination'
```

Yi amfani da alamar zance guda ɗaya kamar yadda na rubuta. In ka sa mai biyu, bash zai cinye duk kalmar da ta fara da alamar dala tun kafin ta isa Postfix, ka ƙare da saiti marar komai a ciki.

`mydestination` jerin domen ne da Postfix yake ɗauka cewa a nan tafiyarsu ta ƙare. In example.com ba ya ciki, duk saƙon da ya zo za a kore shi da `Relay access denied`, in kuma daga cikin na'urar aka aika za ka ga `loops back to myself` a kundi.

`mynetworks` jerin na'urorin da ka amince su aika saƙo zuwa ko'ina ta hanyarka ne. Bar shi a kan na'urar kanta kawai. Na sha ganin wanda saƙo ya ƙi shigo masa, ya gaji, ya zuba 0.0.0.0/0 a wannan layi don ya huta. Abin da ya yi shi ne ya ba duniya izinin aika saƙon damfara da sunan sabar ɗinsa. Masu neman irin wannan kafa suna zagaya intanet dare da rana da manhajoji, ba sa daɗewa kafin su gano ta. Bayan haka adireshinka ya shiga jerin baƙaƙen adireshi, kamfanin haya ya rufe maka sabar, ga mutanen da aka cuta ta hanyarka. Karɓar saƙon domen ɗinka ba ta bukatar kowa a `mynetworks`. Ka ɗauki Postfix kamar mai gadin zaure: kayan mutanen gida yake karɓa, wanda ya kawo kaya don a miƙa wa wata unguwa kuwa a bakin ƙofa ake mayar da shi. Layin ƙarshe na sama, mai `reject_unauth_destination`, shi ke yin wannan aikin.

`home_mailbox = Maildir/` yana sa kowane saƙo ya zama fayil nasa a cikin foldar mai shi. Tsarin ya samo asali ne daga qmail na Daniel Bernstein. Tsohon tsari, mbox, yana tara komai a fayil ɗaya, wanda in ya lalace ya tafi da akwatin gaba ɗaya. Sandar da ke ƙarshen `Maildir/` ita ke bambanta su. In ka manta ta, Postfix zai ƙirƙiri fayil ɗaya mai suna Maildir ya riƙa zuba komai a ciki, Dovecot kuma ya kasa karantawa.

Girman saƙo na asali kusan 10MB ne. Hoto ko takarda da aka liƙa wa saƙo yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku a hanya, shi ya sa fayil mai 8MB yake iya dawowa. Gmail yana barin mutum ya liƙa har 25MB, don haka na fi son in ɗaga:

```
sudo postconf -e 'message_size_limit = 36700160'
sudo postconf -e 'mailbox_size_limit = 0'
```

In sabar ba ta da IPv6, ƙara `inet_protocols = ipv4`. Sannan:

```
sudo postfix check
sudo systemctl restart postfix
sudo ss -tlnp | grep ':25'
```

`postfix check` in bai ce komai ba, lafiya ke nan. Umarni na ƙarshe ya nuna 0.0.0.0:25. In 127.0.0.1:25 ka gani, Postfix kansa kawai yake saurara. Sauyin `inet_interfaces` da `inet_protocols` sai da `restart`, `reload` ba ya ɗaukarsa. Duk lokacin da ka rikice, `postconf -n` zai nuna maka abin da ke cikin saitinka.

6. Masu akwati da laƙabi

A wannan tsari kowane mai asusu a na'urar yana da akwati.

```
sudo adduser --shell /usr/sbin/nologin amina
```

`nologin` yana hana ta samun tagar umarni a sabar, amma saƙonta zai sauka kuma za ta iya karantawa. Sunan ya zama da ƙananan haruffa, domin Postfix yana mayar da adireshi ƙananan haruffa kafin ya nemi mai shi.

Buɗe /etc/aliases ka sa waɗannan laƙabi:

```
postmaster: root
abuse: root
root: amina
info: amina
```

Sannan `sudo newaliases`. In ba ka rubuta wannan umarni ba, gyaran da ka yi bai shiga ba, domin Postfix ba fayil ɗin rubutun yake karantawa ba, kundin da aka gina daga gare shi yake dubawa. Ƙa'idar SMTP ta wajabta wa duk domen mai karɓar imel ya kasance da postmaster, ta nan masu kula da wasu sabar za su neme ka in wani abu ya taso. Saƙon root kuma a karkata shi zuwa ga mutumin da zai karanta.

7. Gwaji, daga ciki zuwa waje

Fara daga cikin na'urar da swaks, manhajar aika saƙon gwaji:

```
swaks --to amina@example.com --server localhost
sudo ls /home/amina/Maildir/new
```

A kundi za ka ga layi mai `status=sent` tare da `delivered to maildir`, a folda kuma fayil ɗaya mai dogon suna. Ba sai ka ƙirƙiri Maildir da hannu ba, saƙon farko ne ke gina ta.

In babu swaks, telnet ya isa, kuma ina ganin kowa ya yi wannan ko sau ɗaya don ya ga zancen da idonsa. Rubuta `telnet localhost 25`, sannan layi bayan layi: `EHLO gwaji`, `MAIL FROM:<gwaji@example.org>`, `RCPT TO:<amina@example.com>`, `DATA`, sai `Subject: gwaji`, layi marar komai, saƙonka, sai ɗigo shi kaɗai a layinsa, sai `QUIT`. Amsar da ta fara da 2 ko 3 ci gaba ce, mai fara da 4 na nufin a dawo an jima, mai fara da 5 ƙi ne na dindindin.

Gwada kuma sunan da babu shi. Ya kamata a ƙi shi nan take da 550 da `User unknown in local recipient table`. Wannan ƙin a bakin ƙofa abu ne mai kyau, kada ka kashe shi. Sabar da ke karɓar komai sannan ta mayar da abin da ba ta san mai shi ba, tana mayarwa ne ga adireshin da masu saƙon banza suka ƙaga, wato ga bayin Allah da ba su aiko komai ba.

Yanzu gwajin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma dole daga wata na'ura ta waje:

```
swaks --to wani@example.org --from gwaji@example.net --server mail.example.com --quit-after RCPT
```

Amsar da kake nema ita ce 554 da `Relay access denied`. In ka ga 250, tsayar da Postfix nan take da `sudo systemctl stop postfix` ka koma mataki na 5. Gwajin nan daga cikin sabar ba ya nuna komai, domin ita tana cikin `mynetworks`, za a bar ta ta wuce. In intanet ɗin gidanka ya toshe ƙofa 25, shafin MXToolbox yana yin wannan gwajin kyauta.

In MX ya riga ya nuna sabar, turo saƙo daga Gmail kana kallon kundi. In ko layin `connect from` bai fito ba, matsalar ba ta Postfix ba ce, ka koma kan DNS da katangar tsaro. In ya fito aka ƙi saƙon, dalilin yana rubuce a layin da ke da `reject`.

8. Rufe hanya da TLS

Let's Encrypt na ba da takardar shaida kyauta.

```
sudo apt install certbot
sudo certbot certonly --standalone -d mail.example.com
sudo postconf -e 'smtpd_tls_cert_file = /etc/letsencrypt/live/mail.example.com/fullchain.pem'
sudo postconf -e 'smtpd_tls_key_file = /etc/letsencrypt/live/mail.example.com/privkey.pem'
sudo postconf -e 'smtpd_tls_security_level = may'
sudo systemctl reload postfix
```

In Nginx ko Apache na riƙe da ƙofa 80, `--standalone` ba zai yi ba, sai ka yi amfani da `--webroot`. Bar matakin tsaro a `may`. In ka sa `encrypt`, duk sabar da ba ta iya TLS ba za a kore ta, saƙonta ya salwanta ba ka sani ba.

Takardar ba ta da dogon wa'adi, certbot ne ke sabunta ta da kansa, amma Dovecot ba zai ɗauki sabuwar ba sai an sake loda shi. Ƙirƙiri fayil /etc/letsencrypt/renewal-hooks/deploy/mail.sh:

```
#!/bin/sh
systemctl reload postfix dovecot
```

Ba shi izinin gudana da `chmod +x`. Wanda ya tsallake wannan, bayan 'yan watanni wayoyin mutanensa za su fara kukan takarda ta ƙare alhali sabuwa na zaune a faifai.

9. Dovecot, don a karanta daga waya

```
sudo apt install dovecot-imapd
```

Maimakon ka bi fayilolin conf.d ɗaya bayan ɗaya, zuba naka saitin a /etc/dovecot/local.conf, wanda ake karantawa a ƙarshe:

```
mail_location = maildir:~/Maildir
ssl = required
ssl_cert = </etc/letsencrypt/live/mail.example.com/fullchain.pem
ssl_key = </etc/letsencrypt/live/mail.example.com/privkey.pem
auth_username_format = %Ln
```

Alamar < da ke gaban hanyar fayil ba kuskuren rubutu ba ce, tana nufin a karanto abin da ke cikin fayil ɗin. Layin ƙarshe yana barin mutum ya shiga da amina ko da amina@example.com. Layin farko kuwa dole ya yi daidai da inda Postfix ke ajiya. Debian tana zuwa da shi a kan mbox, shi ya sa mutum zai shiga lafiya ya tarar da akwati fayau alhali saƙonni na nan.

Wannan rubutun na Dovecot 2.3 ne, wanda ke cikin Debian 12 da Ubuntu 24.04. Debian 13 ta zo da 2.4, inda sunaye suka canza: `mail_driver = maildir` da `mail_path = ~/Maildir` suka maye gurbin `mail_location`, takarda kuma ta koma `ssl_server_cert_file` da `ssl_server_key_file` ba tare da alamar < ba. Duba `dovecot --version` kafin ka kwafi komai.

```
sudo systemctl restart dovecot
sudo doveadm auth test amina
```

A Thunderbird ko K-9 Mail, zaɓi IMAP (hanyar karanta saƙo daga sabar), sabar mail.example.com, ƙofa 993, SSL/TLS. Manhajar za ta nemi sabar aikawa ma. Tunda ba mu buɗe wannan ba, sa ta wani asusu da kake da shi.

Daga ranar da ƙofa 993 ta buɗe za a fara gwada kalmomin sirri a kanta. Sa fail2ban, manhajar da ke toshe mai yawan gwada kalmar sirri, ka kunna sashen dovecot, ka kuma hana mutanenka sa lambar waya ko shekarar haihuwa a matsayin kalmar sirri.

10. Rage saƙon banza

```
sudo postconf -e 'smtpd_helo_required = yes'
sudo postconf -e 'disable_vrfy_command = yes'
sudo postconf -e 'smtpd_sender_restrictions = reject_non_fqdn_sender, reject_unknown_sender_domain'
sudo postconf -e 'smtpd_recipient_restrictions = permit_mynetworks, reject_rbl_client zen.spamhaus.org=127.0.0.[2..11]'
sudo systemctl reload postfix
```

Layin ƙarshe yana tambayar Spamhaus ko an san adireshin mai aikawa da ɓarna. Akwai tarko a nan. Spamhaus ba ya amsa tambayar da ta biyo ta manyan DNS na jama'a irin 8.8.8.8, lambar kuskure yake mayarwa. In ba ka sa tacewar `=127.0.0.[2..11]` ba, Postfix zai ɗauki lambar kuskuren a matsayin hukunci ya kori kowa, har Gmail. Da tacewar ba za a kori kowa bisa kuskure ba, amma binciken ma bai yi aiki ba. Maganin shi ne ka sa unbound, manhajar DNS, a sabar, ka mayar da DNS ɗin na'urar 127.0.0.1, sannan ka yi wa Postfix `restart`, domin a Debian yana riƙe da nasa kwafin resolv.conf a /var/spool/postfix/etc.

Duk sabuwar dokar kora da za ka ƙara, fara sa `warn_if_reject` a gabanta. Zai rubuta a kundi wanda da an kora, ba tare da ya kore shi ba. Bar shi mako guda ka karanta. Na fi tsoron dokar da ta yi tsanani fiye da wadda ta yi sassauci, domin saƙon banza ana ganinsa a share, amma takardar kiran aiki da aka kora ba wanda zai san ta zo. Ƙananan ofisoshi da makarantu da yawa suna aikawa daga sabar da ba a saita sunanta daidai ba, saboda haka ban cika sa `reject_unknown_helo_hostname` ba. In abin ya yi yawa daga baya, rspamd, manhajar tace saƙon banza, shi ne mataki na gaba.

11. In akwai domen na biyu

Ka ba shi MX mai nuna mail.example.com, sannan:

```
sudo postconf -e 'virtual_alias_domains = example.org'
sudo postconf -e 'virtual_alias_maps = hash:/etc/postfix/virtual'
```

A /etc/postfix/virtual rubuta `info@example.org amina@example.com`, sai `sudo postmap /etc/postfix/virtual` da `reload`. Kada domen ɗaya ya fito a nan kuma ya fito a `mydestination`. Kada kuma ka sa layin da ke kwashe duk wani suna na domen zuwa akwati ɗaya, zai cika da shara cikin ɗan lokaci.

Wasu kan so a riƙa tura komai zuwa Gmail ɗinsu. Wannan ya zama aikawa ke nan: yana bukatar ƙofa 25 ta fita, kuma saƙon da aka tura yakan faɗi binciken SPF, mai duba ko sabar tana da izinin aikawa da sunan domen, tunda ba daga sabar mai shi ya fito ba. Gara a bar saƙon a nan a karanta ta IMAP.

12. Sauya MX da kula ta yau da kullum

In daga wani wuri kake ƙaura, rage TTL na tsohon MX, wato tsawon lokacin da ake riƙe amsar DNS, zuwa daƙiƙa 300 kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Tabbatar duk adireshin da ke aiki a can yana da akwati ko laƙabi a nan, domin wanda ka manta za a ƙi saƙonsa da 550, kuma wannan ba a sake gwada shi. A ranar sauyin kana iya sa `soft_bounce = yes`, wanda ke mayar da ƙin dindindin ya zama na wucin gadi, ka samu damar gyara abin da ya ɓace maka. Cire shi bayan kwana ɗaya ko biyu. Bar tsohon akwatin a buɗe na mako guda, ka kwaso tsofaffin saƙonni da imapsync ko ka jawo su da hannu a Thunderbird.

In sabar ta mutu na 'yan sa'o'i kada hankalinka ya tashi. Masu aikawa suna riƙe saƙo suna sake gwadawa, Postfix kansa kwana 5 yake yi kafin ya haƙura. Shi ya sa ƙaramin ofis ba ya bukatar MX na biyu, wanda in ba a saita shi da kyau ba ta nan saƙon banza ke shigowa.

Abin da ya fi kashe ƙananan sabar shi ne cikar faifai. In wuri ya ƙare Postfix zai fara amsa 452 ya daina karɓa, saboda haka riƙa duba `df -h`. `postqueue -p` yana nuna saƙonnin da suka maƙale a layi tare da dalilinsu, `postqueue -f` yana sake gwada su. Kunna unattended-upgrades don gyaran tsaro ya riƙa shiga da kansa. Kowane dare rsync ya kwafi /home, /etc/postfix, /etc/dovecot, /etc/aliases da /etc/letsencrypt zuwa wata na'ura ta daban, kuma lokaci zuwa lokaci ka ɗauko saƙo ɗaya daga kwafin ka mayar da shi foldar `cur` ta wani akwati, ka ga ko ya buɗe a waya.